Kafin ka ɗora wa kafireton 504 laifi, a duba kacar taimin

Duk mai riƙe da tsohuwar Peugeot 504 ya san yadda abin yake, da mota ta fara atishawa ko rawa a sulo kowa kafireto zai ce maka. A kwance shi a wanke da fetur a hura a mayar. In ba ta gyaru ba a canza fulogi, a canza kwantak, ɗan makunnin wutar nan na cikin distributo, daga nan sai a sassauta distributon, mai rarraba wuta ga fulogi, a dinga murɗa shi hagu da dama ana saurare da kunne har injin ya ɗan yi daɗin ji, a karɓi kuɗinka a ce ta zauna. Ba a jima ba ka sake dawowa da ciwon nan dai.

Tawa salun ce haɗin Kaduna, a wajen kawuna na gaje ta, mai injin fetur ɗin nan na lita biyu da ake kira XN1, 1971cc. Ita 504 tun 1968 ta fito a Faransa, ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969, kamfanin Peugeot na Najeriya wato PAN kuma ya fara haɗa motoci a Kakuri a 1975 ya ci gaba da yin ta har cikin shekarun 2000, alhali can Faransa tuni sun daina. Shi ya sa har yau ba a rasa wanda ya san ta, sai dai masu sanin nata na gaske duk sun manyanta, yaran yanzu kuwa in mota ba ta da inda za a jona kwamfuta sai su tsaya suna kallon ta.

Abubuwan da take yi mini guda nawa ne ma. Da safe in na tada ta sai in ji wani kacau-kacau daga gaban injin, can bayan fanka, na ɗan lokaci kaɗan sai ya ɗauke. Sulo ba ya tsayawa waje ɗaya. A hawa ba ta da ƙarfi sam, sai na sauko giya a inda da ko a jikinta, ga shan mai, ga shi wani lokacin in na saki totur sai ta yi tas ta salansa har masu babur su waigo. Ƙarar safen nan ce ta fi damuna don kafireto dai ba ya ƙara irin ta ƙarfe.

Bari in ɗan yi bayanin abin da ke ciki ga wanda bai taɓa ganin an buɗe ba. Karanshaf yana ƙasa fistin na juya shi, kamshaf kuma shi ke buɗe bawul yana rufewa, a wannan injin yana cikin bulok ne ba a saman tofsilinda ba, da sanduna yake tura bawul ɗin. Abin da ya haɗa su biyun kaca ce mai layi biyu, wato kacar taimin, a kan gargare biyu masu haƙora, na kamshaf ya ninka na karanshaf yawan haƙora, don haka sai karanshaf ya zaga sau biyu kamshaf zai zaga sau ɗaya. Akwai kuma tenshina, wani ɗan ƙarfe mai takalmin roba da ke danne kacar don kar ta yi sako-sako, kuma ƙarfin baƙin mai ne ke taimaka masa turawa. To ga inda maganar take, distributo ma daga jikin kamshaf yake samun juyi. Kenan in kaca ta saki abu biyu ne ke makara lokaci ɗaya, bawul ya makara wuta ma ta makara. Mai murɗa distributo wutar kawai yake jawowa gaba, bawul ɗin na nan a makare yadda yake, shi ya sa za ka ji kamar ta gyaru a gareji amma da ka hau titi ka ɗora mata kaya sai ta nuna maka halinta.

Kuma kacar ba miƙewa take kamar roba ba, ƴan ƙusoshin da suka haɗa gaɓoɓinta ne ke cinyewa kaɗan-kaɗan, kowace gaɓa ta samu ɗan wasa, in ka tara su duka sai tsawo ya ƙaru. Wanda ya taɓa hawa keke mai tsohuwar kaca ya gane, ka taka feda sai ta ɗan tafi a banza kafin taya ta amsa.

Wani dattijon bakanike na kai wa, irin waɗanda suka tsufa a kan fijo, kuma abin da ya burge ni bai taɓa sufana don kwance komai ba sai da ya gwada. Ya ce a bar masa ita ta kwana ya ji ta da sanyi. Da safe ya ɗora bakin doguwar sukundireba a murfin taimin ya kafa kunne a ƙotar, yaronsa ya tada. Ya cire fambel ya sake tadawa na ɗan lokaci don ya tabbatar ba famfon ruwa ba ne ko altaneta, ƙarar na nan. Sannan ya kashe, ya cire hular distributo, ya sa sufana a notin fulin karanshaf ya juya injin a hankali ta hanyar da yake juyawa har rota, abin nan mai juyawa a cikin distributo, ta fara motsi, ya yi alama da alli. Sai ya ce in zuba ido a kan rota kar in ɗauke, ya fara juyawa baya. Wallahi fuli na tafiya rota na tsaye kamar ba da ita ake ba, sai da ya yi nisa sosai sannan ta motsa. Ya sake yin alama, ya nuna mini tazarar da ke tsakanin allin biyu ya ce "Alhaji ka ga wannan, duk wasan kaca ne, a mai lafiya da ƙyar za ka ga tazara." Na ce "Baba ba za a iya ɗaure ta ba?" Ya yi dariya ya ce abin da ya cinye ba a ɗaure shi.

Duk wanda ke da fitilar taimin zai iya ganin abin ta wata hanya, ka haska fuli injin na sulo, in alamar na tsaye cak to lafiya, in tana tsalle gaba da baya akwai wasa a wani waje. Amma a kula, ba kullum kaca ba ce. Sandar distributo ma in bushin ɗinta ya cinye haka alamar za ta yi ta rawa, kuma gane shi ba wuya, ka kama sandar da yatsa ka girgiza gefe da gefe, in tana lilo to gibin kwantak ba zai taɓa zama daidai ba komai gwanintar mai saitawa. Haka ƴan sifirin da ke ƙarƙashin farantin distributo masu daidaita yadda wuta ke matsowa gaba in injin ya ɗau gudu, su ma suna gajiya. Sai an ware waɗannan kafin a yanke wa kaca hukunci, in ba haka ba ka kashe kuɗin buɗe gaba a banza.

Aikin kansa ba sai an sauke injin ba. Lagireto ya fita, fanka, fuli, sai murfi. Notin fulin ne ya ba su wahala, sai da aka sa giya aka taka birki aka ƙara wa sufana bututu.

Da murfin ya fita na matso na leƙa. Takalmin tenshina ya yi kwari biyu masu zurfi daidai inda layukan kacar ke bi, robar ta bushe ta yi ƙarfi gefenta ya gutsure, tenshinan kuma ya fito har ƙarshen iyakarsa ba sauran inda zai ƙara. Baba ya kama kacar da yatsa biyu a saman babban gargaren ya ja, ta ɗago har ina ganin haske tsakaninta da haƙoran. Haƙoran ƙaramin gargaren kuwa sun yi tsini sun ɗan karkata gefe guda, ya ce in shafa, kaifi gare su. A cikin murfin ta gefe akwai wani waje da ya yi sheƙi inda kacar ke dukansa, wato ƙarar safen kenan, kafin mai ya hau.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wata ƴar mitsitsiyar rariya da ya zaro a bayan tenshinan, a cikin ramin da mai ke biyowa. Ta toshe da baƙin dauɗa kamar an liƙe ta. Wannan ita ce asalin matsalar a ganina, tsawon shekaru ana ƙara mai a kan tsoho ba a juyewa, ko a juye a bar tsohuwar filta, dauɗa ta taru tenshina ya daina samun mai yadda ya kamata, kaca ta yi ta bulala tana cin kanta. Mutanenmu sun yarda 504 ba ta mutuwa, to gaskiya tana da haƙuri amma wannan yabon ne ya sa ake cutar ta.

Wajen sayen kaya aka so a yi mini wayo, wani mai shago ya ce in ɗauki kaca kawai gargaren ai ƙarfe ne ba ya komai. Ban yarda ba kuma ina ba kowa shawarar kar ya yarda. Sabuwar kaca a kan cinyayyun haƙora ba ta zama daidai, nan da nan za ta bi sahun tsohuwar. Kaca, gargare biyu, tenshina da gaskit tare ake canzawa. Kuma kayan 504 a kasuwa yanzu kala-kala ne, kwali ɗaya abin ciki daban, ka je da tsohon naka a hannu ka jera su ka ƙirga haƙora da gaɓoɓi, ka kwantar da sabuwar kacar ta gefe a iska ka ga yadda take lanƙwasa, mai kyau ba ta sunkuyawa sosai. A Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano har yanzu ana dacewa da tsohon ajiya in ka yi haƙurin zagayawa.

Mayarwa ita ce ke son natsuwa. Da zarar kaca ta fita kar wanda ya juya karanshaf ko kamshaf shi kaɗai da ƙarfi, bawul na iya haɗuwa da kan fistin. Akwai alama a jikin kowane gargare, sabuwar kacar ma tana zuwa da gaɓoɓi masu launi daban da ake dacewa da alamomin, haƙori ɗaya ka kuskure motar za ta iya tashi amma ba za ta taɓa daɗi ba. Tenshina a kulle ake ɗaura shi sai an gama a sake shi, wani irin da alanki wani da sukundireba, kuma Baba ya ce ya sha ganin injin da aka rufe aka manta ba a sake shi ba. Kafin ya mayar da murfi ya juya injin da hannu zagaye biyu cikakku yana ji ko wani abu zai tokare.

Sai saiti. Bawul da sanyi ake yi, gibin na shiga 0.10 na fita 0.25 na milimita, gibin kwantak 0.40, wuta na bin 1-3-4-2. Wani abu da ke rikita yaran da suka saba da motocin Japan shi ne a Peugeot ɗin nan silinda ta ɗaya tana baya ne ta wajen kuloci, ba ta gaba wajen fanka ba. Da aka zo saita wuta sai da aka dawo da distributo baya sosai, don masu murɗawa sun kai shi ƙarshe suna bin kacar da ke ta ƙara saki. Aka juye mai aka sa sabuwar filta, kafireton kuwa ko taɓa shi ba a yi ba banda ɗan rage sulo da ya hau.

Yanzu tana tashi shiru kuma tana hawa gada a giyar da ta dace. Saura sandar distributo, Baba ya ce tana da ɗan wasa wanda bai kai na damuwa ba tukuna, amma in na samu na asali ko da tsoho ne mai lafiya in saya in ajiye, don sababbin da ake kawowa bai yarda da sifirin ɗinsu ba.