Wa za a sa wa ƙarin ruwa?

Talata, 8 ga Oktoba, 2024. Tantin masu amai da gudawa, wata unguwa a ƙaramar hukumar Jere.

Yau mako huɗu ke nan da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya shigo Maiduguri cikin dare ya mamaye Gwange da Kasuwar Monday har fadar Shehu. Ruwa ya janye, mutane da yawa sun koma gidajensu, abin da ake tsoro kuma ya iso: ranar Juma'ar da ta wuce gwamnatin Borno ta sanar da ɓullar kwalara. Ambaliya ta cika masai, ta kwashe abin da ke ciki ta juye a rijiyoyi, daga rijiyoyin nan kuwa ake ɗiban na sha.

Bayan sallar asuba aka yi taron safe, a tsaye, minti goma. Da gangan ba a kawo kujeru, domin taron da aka zauna sai ya ci awa guda. Abu uku kawai ake tambayar kowane mai kula da sashe: me kake da shi, me ya ƙare, me kake so a yanke maka yanzu. Sassan biyar ne: ƙofa da tantance masu shigowa, tantin ƙarin ruwa, rumfar masu shan ruwan gishiri da sukari, ruwa da tsafta, sai sito. Mutum biyar ɗin nan su kaɗai ke kawo wa shugaban aiki magana, sauran ma'aikata kowa ya bi ta kan nasa. Masu kashe gobarar daji a Kalifoniya ne suka daidaita wannan tsari a shekarun 1970, bayan sun ga cewa mutum ɗaya ba ya iya bin diddigin fiye da mutum bakwai idan abu ya rikice. A nan ma haka yake. Idan mutum ashirin suna kiran sunan shugaba lokaci guda, wanda ya fi ɗaga murya shi ake ji, alhali wanda ya fi kusa da mutuwa ba ya iya ko magana.

Mai sito ne ya kawo maganar da ta tsara yinin gaba ɗaya. Ruwan Ringa, wanda ake ƙara wa mara lafiya ta jijiya, ya rage leda 80, kowace rabin lita, wato lita 40. Motar kaya sai gobe da yamma, in hanya ta yarda. Lissafin ba shi da wuya. Babban mutum mai kilo 60 da ruwan jikinsa ya ƙare sosai yana bukatar mililita 100 a kowane kilo, lita 6 cikin awa uku, leda 12 ke nan kafin ya farfaɗo, kuma kafin ya tashi daga gado yakan ci lita 8 zuwa 10. Abin da ke sito zai ishi manya huɗu ko biyar. A layin ƙofa kuwa tun kafin rana ta ɗaga an haura goma, kowane dangi kuma abin da suke so ɗaya ne, a sa wa nasu ƙarin ruwa, don a wurin mutanenmu wanda ba a rataya masa leda ba kamar ba a duba shi ba ne.

Hukuncin da aka yanke, aka rubuta a allo da alli: ƙarin ruwa na wanda ya galabaita ne kaɗai. Wato wanda ya suma ko hankalinsa ya gushe, wanda bugun jijiyar hannunsa ya ɓace ko ya yi rauni, wanda ba ya iya haɗiya, wanda idanunsa suka zurma kuma idan an tsunkuli fatar cikinsa sai ta tsaya ta daɗe ba ta koma ba. Duk mai iya zama ya riƙe kofi, rumfa zai tafi, a ba shi mililita 75 a kowane kilo cikin awa huɗu, kurɓi-kurɓi, da mai tsaya masa a kai. In ya yi amai a dakata minti goma a ci gaba a hankali. Na tantin ƙarin ruwa ma, da zarar ya farka ya iya sha, a fara ba shi ta baki, ledar da ke rataye ta ƙare a cire.

Wannan ba rowa ba ce, kuma ba yau aka fara ba. A 1971, lokacin yaƙin da ya haifi Bangaladesh, kwalara ta faɗa sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon a Indiya. Ƙarin ruwa ya ƙare wa Dakta Dilip Mahalanabis, sai ya sa aka haɗa gishiri da gulukos da soda a cikin durom-durom, ya danƙa wa dangin marasa lafiya kofuna su riƙa shayar da nasu. A lokacin likitoci da yawa ba su yarda a bar wannan a hannun wanda ba ma'aikacin asibiti ba. Mace-mace suka sauko daga kusan kashi 30 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 4. Da ya tsaya jiran izini ko jiran mota, da tarihin ya zama wani daban.

Yanke hukunci a allo abu ne mai sauƙi. Wahalar tana ƙofa, wurin nas ɗin da za ta kalli ɗan tsohuwa ta ce masa uwarsa rumfa za ta. Shi ya sa aka sa nas mafi ƙwarewa a ƙofa, ba a cikin tanti ba, aka kuma gaya mata a gaban kowa: Sista, duk wanda ya ƙi yarda ki turo shi wurin shugaban aiki, kada ki tsaya jayayya, layi na jiranki. Ma'aikaci yana iya riƙe doka mai ɗaci ne idan ya san na sama da shi ba zai warware ta a bayan idonsa ba saboda wani ya zo da babbar riga. In aka karya ta sau ɗaya, ta mutu, ledojin kuma za su ƙare kafin azahar a jikin masu iya sha.

Wajen hantsi aka shigo da mutum uku a jere cikin Keke Napep, biyu ba sa motsi. A irin wannan lokaci ne ake gane wanda ya iya riƙe aiki. Yawancin masu shugabantar irin wannan tanti tsofaffin hannu ne wajen neman jijiya, kuma zuciya tana ingiza mutum ya durƙusa ya karɓi allura. Bai kamata ba. Minti goma sha biyar da shugaba zai yi kansa a sunkuye kan hannu ɗaya, babu mai ganin cewa bokitin wanke hannu na ƙofa ya bushe, ko dangi sun cika tanti, ko wani yaro a rumfa ya daina sha ya fara lumshe ido. Aikinsa ya tsaya inda yake hango ƙofa da tanti da rumfa, ya kira mutum da sunansa, ya faɗi aikin da lokacinsa, wanda aka ba kuma ya maimaita da bakinsa. “Wani ya kawo ruwa” ba umarni ba ne, babu wanda zai motsa, don kowa na zaton ɗan'uwansa ake nufi.

A kan ɗaya daga cikin ukun aka ga kuskuren da ya fi yawa a wannan aiki. Ma'aikacin da ya saba da ɗakin kwanciya na yau da kullum ya saita ledar tana ɗiga ɗis-ɗis. Mai kwalarar da jijiyarsa ta ɓace, mililita 30 a kowane kilo ake so su shige shi cikin minti 30 na farko, kusan lita biyu ga babba, sauran 70 ɗin cikin awa biyu da rabi. Sai an sa babbar allura, lamba 16 ko 18, a buɗe maƙunshin duka, a ɗaga ledar sama, in ta kama a sa allura biyu ko a matsa ledar da hannu. Jaririn da bai kai shekara ba nasa ya fi tafiya a hankali, awa ɗaya sannan awa biyar. Yaro mai tamowa kuwa ba a yi masa wannan gudu ko kaɗan, zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. In fatar ido ta kumbura, numfashi ya yi sauri, an wuce gona da iri, a rage nan take. Ruwan gulukos zalla ba ya maye gurbin Ringa. In babu Ringa, ruwan gishiri na leda ya fi na gulukos. An gyara saitin, kuma ba a yi wa ma'aikacin faɗa a gaban dangi ba. Wanda aka kunyata da safe, da yamma zai ɓoye kuskurensa na biyu.

Sashen tsafta shi ne wanda ba a yabo, shi ne kuma ke hana tantin kansa zama matattarar cuta. Garin kulorin mai ƙarfin kashi 65 zuwa 70 ake haɗawa hawa uku. Giram 30 a lita ɗaya na bahaya da amai da gawa. Giram 30 a lita 10 na daɓe da gadaje da takalma. Giram 15 a lita 20 na wanke hannu. A robar da ke da murfi ake haɗawa, ban da ƙarfe, a bari ya kwanta, marasa ƙarfin biyu kuma kullum sai an sake sabo. Kowane hawa da launin bokitinsa, na ruwan gishiri da sukari kuma ana ajiye shi nesa da su duka, don mai gajiya cikin dare da tocila ba ya karanta rubutu. Shi ruwan gishiri da sukarin, ƙunshi ɗaya a lita ɗaya, wato ledar fiya wata biyu, abin da ya kwana a zubar.

Da azahar mai rubuta sunaye ya nuna cewa yawancin waɗanda suka zo tun jiya daga layi biyu suke, kuma rijiya ɗaya suke ɗiba. An ɗauki samfur an aika, amma sakamakon ɗakin gwaji sai bayan kwanaki. Masu cewa da muguwar rawa gwamma ƙin tashi ba su ga yadda kwalara ke kashe ƙato cikin awoyi ba. Abin da ake dubawa shi ne, in hukuncin ya zama kuskure, ana iya janye shi? Rufe rijiya na kwana uku ana iya janyewa. Sai dai rufe ta ba tare da an kawo wani ruwan ba ya fi barin ta haɗari, domin mata za su koma kududdufan da ambaliya ta bari. Don haka aka je wurin bulama kafin a taɓa komai. Aka ce masa: Baba Bulama, ba mu zo da umarni ba, ga abin da takarda ta nuna, kai ka san mutanenka. Shi ya kawo shawarar da ta fi tamu, cewa a tara 'yan ga-ruwa su riƙa ɗebowa daga burtsatsen masallaci, a tsayar da mutum a bakin famfo yana zuba kulorin a kowace jarka. A jira minti 30 kafin a sha, a auna a ga ragowar ta kai rabin miligiram a lita. Da la'asar shi da kansa ya sa aka ɗora murfi.

Kafin magariba labari ya zo cewa wani dattijo ya rasu a gida, bai iso tanti ba. Allah ya jiƙansa. Liman ya amince mutum biyu kawai su yi wanka, da safar hannu, da ruwan kulorin mai ƙarfi, a toshe kafofin jiki da auduga, a yi jana'iza ba jinkiri, waɗanda suka yi wankan kuma kada su taɓa abinci ko ruwan masu zaman makoki. Da ma'aikacin lafiya ne ya faɗi wannan a ƙofar gidan, da rigima aka yi. Daga bakin liman ba wanda ya ce uffan.

Hukuncin ƙarshe na yau shi ne korar Sista ta ƙofa ta je ta kwanta. Ta ƙi, ta ce ba ta gaji ba, alhali tun asuba take tsaye. An nace, saboda gobe ma ita ce a ƙofa, kuma idon da bai yi barci ba ba ya bambance wanda ya galabaita da wanda ya gaji kawai. Masu dare sun karɓa gado bayan gado: wa ke kan leda ta nawa, wa aka ba maganin doksisaikilin miligiram 300 ɗinsa, waɗanne yara ne aka fara wa zinki, wa za a sake dubawa bayan rabin awa. A sito leda 31 suka rage. An rubuta a allo cewa in sun sauko 15 kafin asuba a tashi shugaban aiki, a kuma buga wa cibiyar da ta fi kusa waya a fara tura masu tsanani can, da ledarsu a rataye a cikin mota.