Kowa ya kama gabansa, ni kuma ina riƙe da jita

Masu tura min saƙo a WhatsApp da waɗanda muke haɗuwa a hanya suna cewa wai ina 'yan kiɗan naka ne kwana biyu shiru, to bari in ba ku amsa gaba ɗaya in huta, ƙungiyar tamu ta watse. Ba faɗa aka yi ba, ba wanda ya zagi wani, ba wanda ya ci kuɗin wani, har yau muna gaisawa muna zuwa sunan juna. Amma dai ta watse, kuma wallahi abin ya taɓa ni fiye da yadda nake nunawa a fuska.

Mu biyar ne. Ni da jita, da mai piyano, da mai ganga, da mai bes wato jita mai kaurin sauti, sai mawaƙinmu. Ba wanda kiɗan ne abincinsa a cikinmu, ni gyaran waya nake a kasuwar Farm Centre a nan Kano, mai ganga yana tsaron shagon atamfa a Kwari, sauran 'yan makaranta ne lokacin da muka haɗu. Kayan da muke da su, sifiku da amfilifaya da mikisa da ɗan janareto, duk da adashi muka saye su ɗaya bayan ɗaya a Sabon Gari, wasu ma na hannu ne. Mai bes ɗinmu ɗan Sabon Garin ne, a coci ya koyi kiɗa tun yana yaro, kuma gaskiya shi ya koya mana abin da ake cewa tafiya tare, don kafin ya zo kowa gudunsa yake, mai ganga na gaba ni ina baya mawaƙi na can wani waje. A garejin gidan su mai ganga muke rihazal ranar Asabar daga la'asar zuwa kiran magariba, in an kira salla a kashe komai.

Mai ganga ne ya fara tafiya, kuma tasa ce ta fi yi min ciwo. Aure ya tashi yi, dangin yarinya suka yi bincike kamar yadda aka saba, aka dawo aka ce yaro ba shi da laifi, yana salla yana da sana'a, sai dai an ce makaɗi ne. Shi kenan magana ta tsaya a nan. Ya same ni a shago ya ce, “Mutumina, ka san ba zan iya ja da su Baba ba, kuma yarinyar nan ina son ta.” Na ce masa Allah ya sanya alheri, kuma har zuciyata na faɗa. Me zan ce? Garin nan namu kowa na son kiɗa, ba bikin da za a yi ba a kira mai waƙa ba, a mota a shago a adaidaita sahu waƙa ake ji, amma ranar da aka zo maganar ba da 'ya sai a tuna cewa kiɗa aikin maroƙa ne. Ba yau aka fara ba, tun kakanni haka yake, kuma ba na zagin iyayen yarinyar don abin da suka taso suka tarar ke nan. Abin da ke ci min rai kawai shi ne mutumin nan hannunsa kyauta ce daga Allah, yanzu kuma sandunan gangar suna cikin durowar shago.

Bayansa sai abin ya zo da sauri. Gareji ya tafi tare da shi. Mai bes aka tura shi bautar ƙasa kudu, daga can ya samu aiki bai dawo ba. Mai piyano wani situdiyo a Zoo Road ya ɗauke shi yana haɗa wa mawaƙa kiɗa a kwamfuta, ana biyansa a kan kowace waƙa. Mawaƙinmu kuwa wani ɗan bidiyo da ya sa a TikTok ne ya zaga, aka fara kiransa biki shi kaɗai.

Da farko na ji haushin waɗannan biyun na ƙarshe, ba zan ɓoye ba. Amma ka zauna ka yi lissafi tsakaninka da Allah. Mai biki in ya kira mawaƙi ɗaya, mawaƙin zai zo da kiɗansa a filash ko a waya, diji ya saka, ya hau kai ya rera, liƙin da aka yi nasa ne shi da yaron da ke tsince masa. In mu aka kira kuwa mutum biyar ne, sai an ɗauko a-kori-kura ta kwashi kaya, sai an zo da wuri an haɗa wayoyi an gwada sauti, sai an zuba mai a janareto don ba wanda zai dogara da wutar gari a tsakiyar waƙa. Man da farashinsa na gwamnati bai kai naira 200 a lita ba kafin ƙarshen watan Mayun 2023, da aka cire tallafi nan take ya haura 500, zuwa ƙarshen 2024 ya wuce 1,000. Rihazal kansa sai da ya koma abin da ake yi wa karo-karo. In aka cire kuɗin mota da na mai aka raba saura gida biyar, wani lokacin abin da zai zo hannunka ko tsirkiyar jita saiti ɗaya ba zai saya ba. Kuma wannan ba mu muka fara gani ba, tun wajen ƙarshen shekarun 1990 da piyanon Yamaha ya shigo situdiyoyin Kano, mutum ɗaya ya zama shi ne mai ganga shi ne mai sarewa shi ne mai goge, daga baya kwamfuta ta zo ta ƙarasa. Kasuwar waƙa a garin nan a kan mawaƙi da furodusa aka gina ta, ba ta da gurbin mutum biyar masu kaɗawa da hannu. Na kan ji kishi in na kalli bidiyon bikin Agadas, inda 'yan jita ke kafa sifiku a fili su kaɗa da hannunsu jama'a na rawa, can bikin aure ne ke riƙe da ƙungiyoyin jita. Mu a nan bikin ne ya sallame mu.

To sanin dalili bai hana jin zafi ba. Hausawa sun ce sabo ake yi wa kuka, kuma abin da na rasa ɗin ba kuɗi ba ne ba suna ba ne, don ba mu taɓa samun ko ɗaya ba. Akwai wani abu da ke faruwa in kun daɗe kuna kiɗa tare da mutum, ba sai ya kalle ka ba ka san zai juya, kafin ya sauke sanda ka riga ka sauya, mawaƙi in numfashinsa ya kusa ƙarewa kai ka sani tun kafin shi ya sani sai ka cike masa gurbin. Wannan ba a saye, ba a kuma tura shi ta waya, shekaru ne ke haifar da shi tsakanin wasu mutane takamaimai, in suka rabu ya tafi. Ranar Asabar da la'asar jikina har yanzu tashi yake kamar akwai inda za ni. Na ɗan jima ban taɓa jitar ba, in na ɗauka na kaɗa sai in ji wuraren da bes ya kamata ya shigo, wuraren da ganga za ta amsa, duk a buɗe. Hajiyarmu, wadda tun farko ba son kiɗan take ba, ita ce ta ce min wata rana, “Kai ɗan nan, ɗauki abin naka ka kaɗa mana, wannan zaman shirun naka ba ya yi min daɗi.”

Sai rabon kaya, wanda ya zo mana kamar rabon gado, kowa na jin kunyar fara magana kuma kowa na da abin da yake so a ransa. Mun zauna mun yi wa kowane abu kuɗi a farashin yau, wanda ke son abu ya biya sauran kasonsu, abin da ba mai so aka mayar Sabon Gari aka sayar. Janareto mai ganga ya ɗauka don shago. Ni na riƙe ƙaramar amfilifaya. Wannan bai yi wuya ba.

Waƙoƙin ne masu wuya, kuma duk mai ƙungiya irin tamu ina roƙonsa ya saurara a nan. Waƙar da aka haifa a gareji ta wa ce? Mawaƙi ya zo da baiti biyu, ni na sa mata karin jita, mai piyano ya canza amshi, mai bes ya ce a rage gudu sai ta zauna. Yau in mawaƙi ya shiga situdiyo ya rera ta a kan sabon kiɗa ya sa a YouTube da Audiomack da sunansa, ya ci amana ko bai ci ba? A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, wadda aka sabunta aka sa mata hannu a 2023, ba sai ka yi rajista haƙƙinka ke tabbata ba, da zarar an rubuta waƙa ko an naɗe ta haƙƙi ya hau, kuma abin da aka ƙirƙira tare na waɗanda suka ƙirƙira ne tare. Amma doka ba za ta tuna muku wa ya kawo amshi a wata Asabar da ta wuce ba. Don haka muka ɗauki takarda, waƙa bayan waƙa, muka rubuta wa ya yi baiti wa ya yi kari, muka yarda duk wanda zai fitar da ɗaya ya sanar da sauran ya kuma sa sunayensu, in kuɗi ya shigo a raba yadda aka rubuta. Mai ganga ya ce a cire sunansa daga duk abin da zai fita waje, kasonsa a ba shi a hannu. Mun yarda.

Wannan zaman ya sa na yi ta tunanin makaɗanmu na gargajiya. Su ƙungiyarsu tana da kai. Marigayi Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya yi shekaru masu yawa da masu kalangu da 'yan amshi a bayansa, kowa ya san wane ne ubangida, kowa ya san kasonsa, yaro in ya ƙware yana iya neman izini ya fita ya kafa tasa a sa masa albarka. Mu 'yan zamani mun ce duk ɗaya muke ba shugaba, abin da daɗin faɗa kuma da daɗin zama, sai dai ƙungiyar da ba ta da kai ba ta da wanda zai ce in mai ganga ya tafi a nemo wani gobe. Kowa sai ya tsaya yana kallon kowa. A ɗaya gefen kuma ga marigayi Ɗan Maraya Jos, ya rasu a 2015, shi da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya ya ishi taro ba ɗan amshi ba mai ganga. Duk hanyoyin biyu namu ne, kuma ban ga dalilin da zai sa in ɗauka cewa sai da mutum biyar da janareto ake kiɗa ba.

Shawara kam na sha ta. Wasu sun ce in sayar da jitar in ƙara jari a shago, shekaru na tafiya. Wasu sun ce in tara sababbin yara mu ɗora daga inda aka tsaya, har da sunan ƙungiyar. Wannan na ƙi, sunan na mu biyar ne, kuma in na tara mutane yanzu-yanzu na san abin da zan yi, zan riƙa neman hannun tsohon mai gangata a jikin wani bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba, in takura masa a banza. Mai piyano ya ce in riƙa zuwa situdiyo ina saka wa mawaƙa jita ta gaske a kan kiɗan kwamfuta, wannan na karɓa, ina zuwa jefi-jefi in an kira, kuɗin ba yawa amma hannu ba ya mutuwa. Fitowa a matsayin mawaƙi kuwa ba layina ba ne, muryata ta amshi ce, kuma harka ce mai nata tsarin, da rajista a hukumar tace fina-finai ta jiha wadda tun 2001 take kuma mawaƙa ma suna ƙarƙashinta, da neman mabiya, YouTube ma sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara kafin a fara raba kuɗin talla da kai a dogayen bidiyo. Mai son wannan Allah ya ba shi sa'a, ni ba shi ne ya sa na ɗauki jita ba.

Abin da na yanke shi ne zan koyi gurmi. Akwai wani dattijo a cikin gari da ya yi wa 'yan kokawa kiɗa a ƙuruciyarsa, na je na gaishe shi na faɗa masa buƙatata, ya kalli yatsuna ya ce, “Yaro, naka mai tsirkiya shida ne, nawa biyu, za ka iya haƙuri da biyu?” Na ce Baba zan gwada. Yawancin karin waƙoƙinmu na Hausa a kan sautuka biyar suke yawo, abin da na daɗe ina lalube a jita ina bi ta hanyar koyarwar Turawa a intanet, shi a hannunsa yake a zaune, kuma yadda yake bugun tsirkiya yana kaɗa fatar a lokaci guda ya sa shi kaɗai yana ba da kari yana ba da ganga. Ba ya buƙatar wuta ba ya buƙatar mota. Asabar ɗina yanzu can nake kai ta, in tafi masa da goro da ɗan abin da ya samu, kuma akwai yara biyu a layinmu da suka daɗe suna leƙen jitata, na ce su riƙa zuwa ranar Juma'a da yamma in iyayensu sun yarda, ɗaya an yarda masa ɗayan ana kan magana.

Ƙungiya kuma zan sake yi in Allah ya yarda, amma ba bana ba, kuma in za a yi da shugaba za a yi, da takarda tun ranar farko, kuma ƙarama, mutum uku da kayan da za su shiga adaidaita sahu ɗaya. Kafin nan akwai waƙoƙinmu da ba a taɓa naɗa da kyau ba sai a waya, mun yi magana da mai piyano zai samo mana daren da situdiyo ba kowa, mai bes zai turo nasa daga can, mawaƙi ya ce in an sa rana zai zo. Gangar ce ba mu san yadda za mu yi da ita ba, mai piyano na cewa a saka ta kwamfuta, ni kuma na ce a bari sai bayan bikin mai ganga in je in sake tambayarsa ko zai zo dare ɗaya ba tare da an sa sunansa ba.