Hannun hagun da ya ƙi bushewa

Shekara shida ke nan ina aiki a wani shagon kayan nutso a Abhur, arewacin Jidda. Cika tukwanen iska, wanke kaya da ruwan daɗi, da ƙananan gyare-gyare. Yawancin masu zuwa wurinmu rigar roba ta yau da kullum suke sawa, wadda ruwa ke shiga cikinta, jiki ya ɗumama shi, domin Bahar Maliya ta nan ɓangaren ba ta da sanyi. Busasshiyar riga, wadda ba a son ko ɗigo ya shige ta, sai jefi-jefi muke ganinta, a hannun masu nutso mai zurfi ko masu tafiya Haƙal a mashigin Aƙaba, inda ruwa kan sauka wajen digiri 21 da hunturu. A iska wannan ba sanyi ba ne. A ruwa kuwa, mutum ya yi awa biyu haƙoransa za su fara kaɗawa, saboda ruwa na zuƙe ɗumin jiki fiye da iska ninki ashirin da wani abu.

Wani Bahaushe haifaffen Makka, injiniya, ya kawo mini busasshiyar rigarsa a watan Janairu. Ya ce, "Malam, duk nutson da na yi, hannun hagu sharkaf, daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu. Sati biyu ya rage in koma Haƙal."

Da na ji wuyan hannu sai na kama robar wuyan hannun, don ita ce ta fi saurin mutuwa a ƙasar nan. Zafi da rana na cinye ta, musamman idan an bar riga a bayan mota. Na miƙa ta, na ga 'yan tsage-tsage ƙanana a baki. Na cire, na manna sabuwa, na karɓi kuɗin aikina. Bayan kwana uku ya gwada ta a nan Abhur ya dawo, hannun hagu yana nan yadda yake.

Abin ya dame ni ƙwarai, don mutumin ya yarda da ni, kuma jiƙewa a ƙarƙashin ruwan sanyi ba ƙaramin hatsari ba ne ga wanda dole ya tsaya mintuna masu yawa a hanyar hawowa kafin ya fito. Sai na yi abin da ya kamata in fara yi. Na cusa kwalaben roba a wuyan hannayen biyu, na sa ƙaramin bokiti a wuyan rigar na ɗaure, na ja zif har ƙarshe, na murɗa bawul ɗin fitar da iska na damtsen hagu na rufe shi ruf. Na haɗa tiyo a bawul ɗin ƙirji na hura har rigar ta tashi kamar mutum a kwance. Ba a cika ta tam, ɗinki na iya buɗewa. Na dama sabulun wanke-wanke a ruwa, na bi ta da feshi taku-taku: zif, ɗinkin hammata, tsakanin cinyoyi, gwiwoyi, inda takalmi ya haɗu da ƙafar wando. A gwiwar dama kumfa ta fara tohowa a hankali. Rami ne kamar tsinin allura, irin wanda ƙayar bushiyar teku ke yi. Na zagaye shi da alli, na juya rigar, na goge wurin, na sa gam da faci ta ciki, na bar ta ta kwana.

Amma ramin gwiwar dama ba zai jiƙa hannun hagu ba. Na san haka, zuciyata ba ta kwanta ba. Na shiga ɗakin ajiya na kashe fitila, na zura tocila cikin hannun rigar ina neman haske ya ɓullo. Babu. Na juya hannun na cika shi da ruwa na rataye. Ko danshi.

Akwai dattijon da muke kira Kawu, wanda ya yi shekaru yana facin taya a unguwar Karantina ta Jidda kafin ya dawo gadin shagonmu. Yana zaune yana kallona tun safe. Sai ya ce, "Ɗana, ita taya iska ce ke fita, shi ya sa muke neman kumfa. Wannan kuwa ruwa ne ke shiga. Kai ta ciki kake turawa, teku ta waje take turowa. Kuma inda ruwa ya kwanta ba lallai nan ya shigo ba."

Maganar nan ta buɗe mini ido. Bawul ɗin damtse aikinsa ke nan ya bar iska ta fita ya hana ruwa shiga, ni kuma na rufe shi na cire shi daga lissafi. Mai nutso yakan riƙe hannuwansa ƙasa da kafaɗa, ruwan da ya shigo ta damtse zai gangara ya taru a gwiwar hannu, a nan zai ji sanyinsa.

Na kira injiniyan na ce ya zo da riga mai dogon hannu ta auduga, ruwan toka, wadda jiƙewa ke nunawa a kanta nan take. Da sassafe muka yi, kafin rana ta yi zafi, don gumi kaɗai kan jiƙa mutum cikin busasshiyar riga har ya rantse yoyo take. Ya sa ta a ciki, ya sauka mita 3, bawul a buɗe yadda ya saba, minti biyar kacal na ce ya fito. Daɗewa ke ɓata shaidar, ruwan ya bazu ko'ina. Muka zuge zif a hankali. Wuyan hannu a bushe ƙayau. A damtse kuwa ga da'irar jiƙewa kamar gindin kofin shayi, daidai ƙarƙashin bawul, da siririn layi ya fara gangarawa.

Na kwance bawul ɗin a kan farin tawul don kada wani abu ya ɓace. A ƙarƙashin 'yar robar da ke rufe ƙofar akwai ƙwayar yashi, da zaren ulu daga rigar ɗumin da yake sawa a ciki, gishiri ya daskare a kansu. Su ne suka ɗage robar kaɗan, kaurin gashi. Bahar Maliya na cikin tekuna mafi gishiri a duniya, kuma injiniyan ya ce shi wajen rigar kawai yake watsa wa ruwa, bai taɓa jiƙa bawul ɗin ba. Na jiƙa shi a ruwan ɗumi, na wanke, na mayar na ɗaure daidai. Na goga wa zif kakin zuma, na barbaɗa wa robobin hoda marar turare.

Ya sake sauka, wannan karon minti 40. Rigar tokar ta fito ba tabo ko ɗaya. Na mayar masa da kuɗin robar wuyan hannu, ya ce ai tsohuwar ma ta kusa mutuwa, na ce duk da haka ba ita ta kawo shi ba. Yanzu akwai rigunan toka biyu rataye a bayan ƙofar shagon, babba da ƙarama, kuma duk wanda ya kawo busasshiyar riga mai yoyo, kafin in taɓa gam sai ya sa ɗaya ya shiga ruwa minti biyar.