Gidan Hardwick da gidajen Birni

A yankin Derbyshire na ƙasar Ingila akwai wani gida da ake kira Hardwick Hall, wanda wata attajira mai suna Elizabeth, da aka fi sani da Bess, ta sa aka gina tsakanin 1590 da 1597 bisa zanen magini Robert Smythson. Gilashi na da tsada ƙwarai a zamanin, amma ta cika bangon da tagogi, har jama'a suka riƙa cewa gilashin gidan ya fi bangonsa yawa. Tagogin suna ƙara tsayi daga hawa zuwa hawa, domin a bene na ƙarshe ake karɓar manyan baƙi. Bisa rufin kuma an sassaƙa haruffan E da S da dutse, wato farkon sunanta Elizabeth da na sarautarta ta Shrewsbury, don mai tahowa daga nesa ya san mai gida.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda gidan ya tsira. Da harajin gado ya yi wa magada nauyi, sai suka miƙa shi ga gwamnati a madadin kuɗi, daga nan ya koma hannun National Trust, ƙungiyar da ke kula da wuraren tarihi, a 1959. Yana cikin aji na ɗaya na gine-ginen da doka ta kare, saboda haka ba a sauya ko taga ɗaya sai da izini. Hasken da Bess ta yi alfahari da shi ma rage shi ake yi da labule, don kada ya cinye launin tsofaffin saƙar da ke rataye a bango.

Mu a Damagaram, unguwar Birni da fadar Sarki sun shiga jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, tun 2006 don neman a sa su cikin wuraren tarihi na duniya, kuma wannan abin farin ciki ne. Sai dai gidan ƙasa yana buƙatar yaɓe kafin kowace damina, da gyaran indararo, da sauya azarar da ta lalace, kuma duk wannan nauyi a wuyan mai gida yake. Ban ga laifin wanda ya gaji ya kafa kwano ya shafe zanen ƙofarsa da siminti ba, tun da ba wanda ya tallafa masa. Ina ganin ya kamata hukumar gari ta fara da ƙidaya gidajen da ke da zankwaye da zane, ta ɗauki wani kaso na kuɗin yaɓensu, ta kuma biya tsofaffin magina su koya wa matasa haɗa makuba.