Wata bakwai ina ce wa likita "ina sha"

Ni fa ban taɓa yi wa likita musu ba. Duk abin da ya ce sai in ce to likita, in karɓi takarda in biya kemis in saya, in zo gida in jefa a durowa. Sama da shekara 2 ina fama da ciwon damuwa, ba barci, ba cin abinci, ko sallama aka yi bana son amsawa, amma a raina ban yarda ciwo bane. Gani nake raunin imani ne, kuma kar a ce ’yar gidan wane tana shan maganin mahaukata. Yayata ce ta ja ni asibiti da ƙyar.

Amitriptyline aka fara bani. Kwana biyar na sha, baki ya bushe, jiki ya mutu, ga barci har hantsi, na ce wannan ai ƙara min ciwo yake na ajiye. Alhali ya faɗa min sai an yi sati 2 zuwa 4 kafin a fara jin sauƙi, wani ma har sati 6, ban saurara bane kawai.

Abin da yafi ci min rai yanzu shine duk ranar komawa sai ya tambaya, Malama kina sha? In ce ina sha. Shi kuma bawan Allah da maganata yake aiki, ya ga ba canji sai ya ƙara yawan maganin, daga baya ya canza min zuwa fluoxetine, har ya fara tunanin ciwona irin wanda baya jin magani ne, ni ko wanda ya fara bani ban ba shi dama ba. Zaman hira na ba da shawara da aka haɗa ni da shi kuwa komai aka tambaya sai in ce lafiya lau alhamdulillah.

Ranar da na fashe da kuka na faɗi gaskiya wallahi ko faɗa bai min ba, cewa yayi to yau muka fara. Wajen sati na biyar na tashi da asuba na ji ina sha'awar koko da ƙosai, abin da na manta rabona da shi. Addu'ata ban bari ba, maganin ma haka, ya ce ko na warware sai na ƙara aƙalla wata 6 kuma kar in yanke lokaci ɗaya, a hankali za a rage. Yanzu kwalin yana kusa da sallayata, na daina ɓoye shi a durowa.