Tsohon Hannu da Sabon Hannu: Abin da Algaitar Ailan ta Koya Mini

Duk wanda ya taɓa kallon faretin sojoji ya san algaitar nan mai salka da 'yan badujala ke busawa suna tafe. Waccan ta mutanen Sukotlan ce. Ta ƙasar Ailan, wadda suke kira uilleann, daban take ƙwarai. Galibi a zaune ake sarrafa ta, kuma baki ba ya taɓa ta. Ɗan zuga-zugi ake ɗaurawa a gwiwar hannun dama, shi ke tura iska cikin salkar da ke ƙarƙashin hamatar hagu. Yatsu na kan sarewa, bututu uku na kwance a cinya suna riƙe da amo ɗaya ba yankewa, wasu ukun kuma masu maɓallai da wuyan hannu ake danna su don rakiya. Shi ya sa mabusanta ke cewa shekara 21 ake yi kafin a zama gwani: bakwai ana koyo, bakwai ana gwaji, bakwai ana busa.

Da karatu ya kai ni Dablin, na riƙa zuwa ajin yamma na ƙungiyar mabusa ta Na Píobairí Uilleann da ke titin Henrietta. Muhawarar da ba ta ƙarewa a tsakanin ɗalibai ita ce ta salon da da salon zamani. Abu na farko da na fahimta shi ne, salon da ɗin nan da ake ta karewa hannuwa ne da yawa, kuma tun asali sun sha bamban.

Sirrin yana kan gwiwa. Mabushi na ɗaura wata 'yar fata a cinyarsa ta dama, ya dafa gindin sarewar a kai. In ya toshe dukkan ramuka da yatsu, iska ba ta da mafita, sai sarewar ta yi tsit. Daga wannan tsit ɗin aka samu salo biyu. A salon rufe, mabushi na toshe sarewar tsakanin sauti da sauti, kowane ya fito shi kaɗai a datse, kamar mai jan carbi ƙwaya bayan ƙwaya. A salon buɗe kuwa, yatsu na sake, ana yawan ɗaga sarewar daga gwiwa, sauti na shiga cikin sauti ba tsayawa. Malamina, wani dattijo mai kaurin yatsu, yakan sa hannu ya danne mini sarewar a kan fatar ya ce in saurari shirun tukuna, don shi ma yana cikin kiɗan. Sai da yatsuna suka yi tsami kafin ramukan su daina yoyon iska.

Shi ne ya kunna mana tsofaffin faya-fayai biyu a jere. Na farko na Patsy Touhey ne, wanda aka haifa a Galway a 1865, ya tashi a Amurka, ya rasu a 1923. Ko ta cikin ƙarar tsohon faifai kana jin yadda yake datse sauti uku-uku cikin ƙiftawar ido. Na biyu na Johnny Doran ne, ɗan al'ummar nan ta matafiya da ke yawo da keken doki daga kasuwa zuwa filin sukuwa. A tsaye yake busa, ƙafa ɗaya a kan akwatin algaitarsa, kiɗansa na kwarara ba birki, don dole ya tsayar da mai wucewa ya jefa masa kwabo. Sau ɗaya tak aka ɗauki busarsa, a 1947, lokacin da Kevin Danaher ya naɗe ta wa hukumar adana al'adun Ailan. A farkon 1948 bango ya rushe kan kekensa a Dablin ya ji masa mummunan rauni, ya rasu a 1950. Har yau in na tuna cewa duk abin da ya rage mana na wannan mutum bai wuce abin da za a saurara a zama ɗaya ba, sai zuciyata ta yi nauyi.

To wanne ne na gargajiya a cikinsu? Duka biyun. Willie Clancy na garin Miltown Malbay ya fara jin Doran a 1936, abin ya shiga ransa, daga baya ya gina nasa hannun da ya haɗa buɗe da rufe. Séamus Ennis, wanda ya zaga yammacin ƙasar a kan keke daga 1942 zuwa 1947 yana tattara waƙoƙi, nasa hannun mai natsuwa ne da tsafta. Leo Rowsome kuma ya yi suna wajen danna maɓallan rakiya kusan ba hutawa. In an kunna ɗayansu, kafin a yi nisa ka gane mai busar.

Ita kanta algaitar ta sauya. Tsofaffin ƙira na ƙarni na 19 siraran ramuka gare su, muryarsu ƙasa-ƙasa, mai taushi, daidai zaman ɗaki. Wasu 'yan'uwa biyu, William da Charles Taylor, da suka bar Drogheda zuwa Filadelfiya a farkon shekarun 1870, su suka faɗaɗa cikin sarewar suka ɗaga muryarta zuwa matakin sautin da makaɗa ke kira D domin ta cika manyan zaurukan wasa na Amurka. Yawancin masu kare gargajiya a yau irin wannan ƙirar ce a cinyarsu, alhali a zamaninta ita ce sabon yayi.

Masu salon zamani ma suna da hakkin da ya kamata a ba su. Lokacin da aka kafa Na Píobairí Uilleann a 1968 ƙarƙashin jagorancin Breandán Breathnach, mabusan da suka rage ba su wuce kimanin ɗari ba. Ƙungiyoyin makaɗa irin su Planxty a 1972, da Bothy Band, da Moving Hearts a 1981, inda mabushi Davy Spillane ya zauna tare da masu jitar lantarki da ganguna, su suka kai sautin kunnen matasa. Wanda ya kalli fim ɗin Titanic na 1997 ya ji muryarta ko bai san sunanta ba. Zuwa 2017 UNESCO ta sa busar cikin jerin al'adun duniya da ake taskacewa. Ba na jin ajin yamma kaɗai zai iya kai ta nan.

Duk da haka akwai abubuwan da ke damuna, kuma ba zan ɓoye ba. In akwai mai jita a gefe, mabushi kan bar maɓallan rakiya su kwanta, wani lokaci ma ya kashe bututun amo don kada su ci karo da jitar, sai algaita mai murya bakwai ta koma sarewa guda. A sutudiyo kuma ana zuba mata amsa-kuwwa har ta cike ɗan shirun nan da ake samu a kan gwiwa, aikin da mutum ya shekara yana koya ya nutse. Ga gudu: an mai da sauri ma'aunin gwaninta, alhali kiɗan rawa ne, kuma ƙafar mai rawa tana da iyakarta. Wanda ya fi ci mini rai shi ne yadda ake busa waƙoƙin nan masu jan rai. Asalinsu waƙoƙin baka ne cikin harshen Ailan, irin waɗanda ake rerawa ba kiɗa. Tsofaffi sun dage cewa sai ka san baitocin kafin ka busa, don ka san inda mawaƙi ke jan numfashi da inda kalma ke da nauyi. Malamina bai yarda mu taɓa irin wannan waƙa ba sai ya karanta mana baitocinta ya fassara, ya sa mun yi alama a inda kowane layi ya ƙare. Wanda ya tsallake wannan yakan ja sauti inda ya ga dama; ya yi daɗin ji, amma jimlar ta karye.

Mutumin da ya warware mini wannan lamari shi ne Liam O'Flynn. Ya yi koyo wurin Rowsome, ya zauna da Clancy, ya yi zaman gida ɗaya da Ennis, har Ennis ya bar masa gadon tsohuwar algaitarsa, wadda mahaifinsa ya saya a shagon jingina a Landan a 1908. Shi ne kuma mabushin Planxty, shi ne ya zauna gaban babbar ƙungiyar makaɗa masu goge a 1980 yana busa abin da Shaun Davey ya tsara. Ya shiga sabon fage iyakar shiga, amma ko a can kana jin datsewarsa tsaf. Haka Paddy Keenan na Bothy Band: gudun da ake yaba masa gadon gidan matafiya ne, hanyar Doran ce ta biyo da shi.

Saboda haka jita da lasifika ba su ne abin tsorona ba. Abin tsorona shi ne hannuwa su zama ɗaya, kowa ya koya daga bidiyo iri ɗaya a intanet, a wayi gari ba a bambance mabushin gundumar Clare ta Ailan da na Tokyo. Sai dai intanet ɗin nan ita ce kuma ta fito da faya-fayan Touhey da Doran da Ennis daga ma'ajiya zuwa wayar kowa, kuma na ga matasa a ajinmu da suka koma neman tsohuwar ƙira mai taushin murya, suna zama su kaɗai ba mai rakiya, suna koyon danna maɓallan da wuyan hannunsu.