Keke da tanti a gefen dutsen Tula: inda muka kai a koyo

'Yan'uwa masu koyon hawan keke a duwatsu, ga labarin inda muka kai. Atisayen da muke yi a hanyar Liji da Kwadon, a fita bayan asuba a dawo kafin rana ta yi zafi, ya ƙara mana ƙarfin ƙafa da numfashi, amma bai nuna mana halin keken da aka ɗora wa tanti da tukunya da ruwan yini guda ba. Wannan karon mun yi 'yan kwanaki a tudun Tula, cikin ƙaramar hukumar Kaltungo, muna bin bakin dutse inda ƙasa take yankewa ta faɗa kwari. Babban abin da na fahimta shi ne ruwa ne yake tsara irin wannan tafiya. Wurin kwana, nisan da za a ci a yini, nauyin keke, har yadda birki zai kama a gangara, duk daga lissafin ruwa suke tasowa.

Ba mu tuƙa daga Gombe ba. Mun kwance tayoyin gaba, muka ɗaure kekunan a saman mota, muka bi ta Kumo da Billiri har Kaltungo. Titin Yola ne, manyan motoci ba sa yankewa a kansa, kuma mai koyo ba ya ƙaruwa da komai wajen gogayya da tirela. Ƙarfin da za ka ƙone a kwalta gara ka adana shi don hawa.

To, batun ruwa. Lita 1 kilo 1 ce, babu ragi. Mai hawa tudu da kaya cikin rana yana iya zubar da gumin da ya kai lita guda a awa ɗaya, ga shi a lokacin hunturu iska busasshiya ce, tana shanye gumin tun bai jiƙa riga ba, sai mutum ya zaci jikinsa bai rasa komai ba. Ƙara da na girki, da na alwala, da na ɗauraye tukunya. Wanda ya ce zai ɗauki na kwana biyu, lita 10 ko 12, ya ɗora wa kekensa kusan nauyin wani keken ke nan, tun kafin a zo maganar tanti da abinci.

A Amurka akwai wata hanya da masu wannan sha'awa suke yawan ambata, White Rim, a gandun Canyonlands na jihar Yuta. Zagaye ne na kusan kilomita 160 a kan bakin dutse, kogin Kolorado ta gefe ɗaya, kogin Green ta ɗaya gefen. A shekarun 1950 aka share ta don masu neman ma'adinin yuraniyom. Yawancin masu keke kwana 3 zuwa 4 suke yi a kanta, sai sun karɓi izini kafin su shiga, kuma da yake babu ruwan sha a hanyar, mota ce take biye da su da jarkoki da abinci, su kuma suna tuƙa kekensu babu kaya. Duk wanda ya kalli hotunansu ya ce zai kwaikwaya a nan, ya tuna da motar nan da ba ta fitowa a hoto. Mu ba mu da ita. Sai dai tudunmu ba kufai ba ne, akwai ƙauyuka, akwai rijiyoyi, akwai famfon tuƙa-tuƙa. Don haka muka zana hanyarmu daga wurin ruwa zuwa wurin ruwa, kowa yana ɗauke da abin da zai kai shi na gaba, da ƙarin lita guda da ba a taɓawa sai in ta ɓaci.

Tambayar inda ruwa yake ma tana da yadda ake yin ta. In ka ce wa mutum akwai ruwa a ƙauye kaza, zai ce akwai, kuma gaskiya ya faɗa, domin akwai famfo. Ka tambaya ko famfon yana aiki a makon nan. Mata da yara masu ɗiba, da 'yan acaba masu shiga lungunan, su ne suke da amsar da za ka dogara da ita. In kun isa kuka tarar da layi, ku ajiye gorunanku a bayan bokitin ƙarshe. Da rani ruwa a kan tudu abu ne da ake wahala a kansa, baƙo bai kamata ya tsallake mai gida ba, ko da an ce masa bismilla. Na rijiya kuma a tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ko a jefa ƙwayar kulorin a jira minti 30. Wanda ya fara jin ciwon kai ko jijiyar ƙafa tana ɗaurewa, a haɗa masa ruwan gishiri da sukari: lita 1, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali.

Inda ka ɗaure ruwan a jikin keke ya kusa kai yawansa muhimmanci. Mu duka kekunan gwanjo gare mu, wasu da kariya a baya wasu babu. Wanda ya jibga jarka a kan kariya, da an fara hawa sai tayar gaba ta riƙa ɗagawa, kan keken yana rawa. Wurin ruwa shi ne tsakiya, cikin kusurwar ƙarfen da ke tsakanin ƙafafuwanka, ƙasa-ƙasa. Tanti da bargo, masu girma marasa nauyi, su tafi gaba ko baya. Jakar goyo kuwa a bar mata abu mara nauyi, in ba haka ba sirdi ne zai rama a jikinka kafin azahar. Wajen ɗauri ban ga abin da ya kai robar tsohon tib da aka yayyanka ba: tana riƙewa, ba ta kwancewa da girgiza, kuma kyauta ce a wurin kowane mai faci. Kusoshin kariya su ne suke sassautawa, a bi su da sifana kowace safiya.

Hawan kansa ba shi da dabara mai yawa. A sauya giya tun kafin tudu ya kama ka, a sassauta feda lokacin sauyawa don kada sarƙa ta tsinke, a zauna a sirdi, domin da ka miƙe tsaye tayar baya za ta yi ta juyawa a kan tsakuwa ba tafiya. Inda ya gagara a sauka a tura. Tura keke mai kaya ma koyo ne: ka miƙa hannu ka tura shi gaba, ka danne birki biyu, ka taka ka iske shi, ka sake.

Sama kuwa, wallahi ta biya wahala. Mutanen Tula sun jera duwatsu sun yi gonaki hawa-hawa a jikin gangara, don kada ruwan damina ya tafi da ƙasa, aikin hannu na kaka da kakanni da har yanzu ake gyarawa. A garin akwai tsohon kurkuku na zamanin Turawa, lokacin da Tula take mazaunin mulkin yankin Tangale-Waja. Daga nan hanyoyin ƙafa suke rarrabuwa, wasu suna bi ta bakin dutse, ta yadda kana tuƙi kwari yana buɗe a gefenka, tsuntsaye suna shawagi a ƙasa da kai. Hazo ya hana mu ganin nesa a yawancin yini. Da sassafe ne kawai yake ɗan lafawa duwatsun da ke can ƙetare su fito. Wanda kallo ya kai shi, ya je bayan ɗaukewar damina kafin hazo ya sauka, amma ya sani a lokacin ciyawa tana da tsawo, amfanin gona yana tsaye, hanya ba ta ganuwa sosai.

A bakin dutse keke yana bin idonka ne. Ka kalli ramin, can za ka nufa. Ka ajiye ido a kan hanyar da ke gabanka, in kana son kallo ka tsaya ka sauka, kuma ka sauka ta ɓangaren tudu, ba ta ɓangaren kwari ba. Bakin da kake gani kamar daram yake yana iya zama ɓarɓashi. Hanyoyin nan kuma ba don mu aka yi su ba. Na masu ɗauko itace ne da masu zuwa gona, don haka duk wanda ya taho da kaya a ka, mu ne muke rabewa mu gaishe shi. Jeren duwatsun gona ba wurin gwada tsalle ba ne.

Wurin kwana ba ma zaɓa da kanmu. Tun la'asar muke shiga ƙauye mu nemi mai unguwa. Tula suna da yarensu, amma Hausa tana biyan buƙata ko'ina. Na farkon da muka je wurinsa, bayan an gaisa na ce, "Ranka ya daɗe, baƙi ne mu daga Gombe, muna neman inda za mu kafa tanti mu kwana." Ya dubi kekunan, ya dube mu, ya ce, "Samari, me aka yi muku a gida?" Da dariya ta lafa sai ya haɗa mu da yaro ya kai mu wani fili shararre kusa da gidaje, ya ƙara da cewa, "Kada ku raɓi tarin duwatsu, kada ku raɓi kara." Yanzu ba zamanin da baƙi za su kunna tocila a bayan gari da dare ba tare da an san da su ba ne, wannan kowa ya sani.

Gargaɗinsa game da maciji ne. Ƙasar Kaltungo ta yi suna da kububuwa, shi ya sa ma akwai asibitin masu saran maciji a garin Kaltungo, wanda ake kawo mutane daga jihohi maƙwabta. Ƙarama ce, launinta ya saje da ƙasa, da dare take yawo, kuma dafinta yana hana jini daskarewa, ta yadda mutum zai ga kamar da sauƙi alhali jini yana zuba a ciki. An fi samun sara lokacin shuka da lokacin girbi. Dokarmu ita ce zif ɗin tanti a rufe koyaushe, takalma a ciki, babu mai fita da dare sai da tocila da rufaffen takalmi, itacen wuta kuma da rana ake tarawa. In tsautsayi ya faɗa, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure da igiya, ba a ba da asfirin. A hana gaɓar motsi, a nemi abin hawa zuwa asibiti nan take. Saboda haka ma muke karɓar lambar ɗan acaba a duk ƙauyen da muka sauka.

Sanyin dare ta ƙasa yake shiga jiki, don haka shimfiɗar soso ta fi ƙarin bargo amfani. Iska tana tasowa daga kwari da ƙarfi, turakun tanti kuma ba sa shiga dutse, sai a ɗaure igiyoyin a jikin manyan duwatsu, kuma a ja baya sosai daga baki. Girki a risho muke yi. Wutar itace a tsakiyar busasshiyar ciyawa, ga hatsin mutane a kusa, ba abin wasa ba ce. Abinci dai garin kwaki, ƙuli-ƙuli, dabino, kilishi, shayi, sai taliya da dare. Shinkafa da wake mun bar su a gida saboda ruwa da kananzir da suke ci.

Faci mun sha shi. Tsidau yana kwance a gefen hanya, ƙayar aduwa tana ƙarƙashin kowace inuwa mai daɗi, don haka kafin ka gangara da keke gindin bishiya gara ka ɗaga shi. In ka cire tib ka shafa cikin tayar da tsumma har ka gano ƙayar, in ba haka ba sabon ma za ta huda. Sholisho a bar shi ya sha iska ya daina ƙyalli kafin a manna faci. Gaggawa a nan ita ce take sa ya ɓalle bayan an tashi. Iskar taya kuma ciniki ne: ta yi yawa keke ya yi ta tsalle a kan dutse, ta yi kaɗan dutse ya matse tib da ƙarfen taya ya bar maka huji biyu a jere. Da kaya a baya, tayar baya ta ɗan fi ta gaba tauri. Sarƙa kada a yi mata wanka da baƙin mai, ƙura za ta manne ta riƙa cin haƙoran giya. Ɗigo kaɗan, a juya, a goge.

Ranar saukowa mun bar gorunan kusan babu komai, tunda akwai ruwa a ƙasa, kuma bambancin a hannu ake jin sa. Kowane kilo da ka rage, birki ne ka hutar. A gangara a sauke sirdi kaɗan, a ja jiki baya, a sassauta gwiwa da gwiwar hannu. Birkin gaba shi ne mai yawancin ƙarfin tsayarwa, masu koyo kuma shi suke tsoro, sai su danne na baya kaɗai taya ta kulle ta riƙa jan ƙasa. A dinga matsa biyun tare, a hankali, kafin kwana, a saki a cikin kwanar. Riƙe birki tun daga sama har ƙasa yana gasa shi: birki mai faifai ƙarfinsa ya ragu, birki mai roba kuma ya zafafa ƙarfen taya har tib ya iya fashewa. Mukan tsaya lokaci-lokaci ya huce. Faifan kada a taɓa shi da hannu don a ji ko ya yi zafi, ya yi.

Saukowa da kaya a kan tsakuwa ita ce har yanzu ba ta zauna mana ba, ita za mu sa a gaba. Fita ta gaba wajen Dadin Kowa ce, gindin dutsen Bima, kuma muna so a yi ta kafin zafin Maris, lokacin da ma'aunin zafi yakan haura digiri 40, lissafin ruwan nan duka ya canza. Mai niyyar zuwa ya fara ɗaura lita 5 a kekensa a fitar safe tun daga wannan makon, ya kuma sa mai gyara ya duba masa robar birki da wayoyinsa.